Tambaya da Amsa: In Koma Kubwa Saboda Jirgin Ƙasa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaci ne a Sakatariyar Tarayya da ke Abuja, shekara shida ina zaune a Mararaba. Cunkoson Nyanya ya kai ni maƙura, da na sallame asuba nake fita amma sai in makara. Abokina ya ce in koma Kubwa tunda can akwai jirgin ƙasa. Hayata za ta ƙare wata mai zuwa. Me ka gani?
Mai karatu daga Mararaba

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sanyaya. Duk wanda ya taɓa tsayuwa a wannan hanyar da safe ya san abin da kake faɗi.

Abokinka bai yi ƙarya ba, sai dai jirgi biyu ne ke ratsa Kubwa, mutane suna yawan haɗa su. Na farko shi ne na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, mai tashi daga Idu ya tsaya a Kubwa ya wuce Rigasa, tafiyar kilomita 186. Wannan na masu zuwa gida Kaduna ne ranar Juma'a, ba ruwansa da ofishinka. Wanda ya shafe ka shi ne ƙaramin na cikin gari, da aka ƙaddamar a Yulin 2018, ya tsaya a 2020 lokacin korona, ya dawo a Mayun 2024. Tashoshinsa 12 ne, ta wajen Kubwa kuma ita ce Gbazango.

To, a nan gizo ke saƙa. Layin Gbazango yana bi ta Kagini da Dei-Dei da Gwagwa ya ƙare a Idu. A Idu za ka haɗu da layin da ke zuwa daga filin jirgin sama, shi zai kai ka tashar Metro a tsakiyar gari. Daga Metro zuwa Sakatariya kuma sai ka nemi tasi.

Na gwada da kaina lokacin da na kwana gidan ƙanena a Kubwa. Cikin jirgin ba laifi: sanyi, kujera, ba hon, ba hayaƙi. Wata baiwar Allah kusa da ni har barci ta yi da jakarta a cinya. Amma kafin in kai tashar, sai da ɗan acaba ya yi ta kewaya lunguna da ni bayan ruwan dare, wandona duk taɓo. Kubwa ta faɗaɗa ƙwarai, wani gidan sunansa Kubwa amma tsakaninsa da tasha tafiya ce mai zaman kanta. Wannan shi ne abin da ke damuna: unguwanni suna gudu, layin dogo yana rarrafe, Mararaba da Nyanya da suka fi kowa buƙata har yau ba su gan shi ba.

Don haka kada ka ba dillali ko kwabo tukuna. Samu wanda za ka kwana wajensa kwana uku a ranakun aiki. Duba jadawalin a tashar da idonka, musamman jirgin ƙarshe na yamma. Ƙirga kuɗin acaba da na tasi, zuwa da dawowa. In gidan da aka nuna maka za ka iya taka ƙafa daga ƙofarsa zuwa Gbazango cikin minti goma sha biyar, kama shi. In ba haka ba, roƙi mai gidanka na Mararaba ya ƙara maka wata uku ka ci gaba da nema.