Ga 'yar'uwar da maganar ƙarshen zamani ta hana barci

'Yar'uwa da na karanta tambayarki sai da na ajiye waya na yi shiru, kamar ni ce na rubuta. Kin ce wani malami ya gaya muku Matiyu 24 ta riga ta cika tun tuni, fastonku kuma na cewa yanzu ma muke bakin ƙunci mai girma, ke kin rasa na kamawa har barci ya gagara.

Ni nawa a 1999 ne. Shugaban ƙungiyar addu'armu, ba zan kama suna ba, yana da wani zane da ya jawo tun daga makonni saba'in na Daniyel 9 har kafuwar Isra'ila a 1948, wai itacen ɓauren da Yesu ya yi misali da shi ke nan ya toho, shekarar 2000 ba za ta same mu a duniya ba. Ina ajin ƙarshe lokacin, ya kalle ni ya ce me za ki yi da takardar shaida a sama? Haka na watsar da karatu. Wani dare a Disamba na dawo gida ƙofa a buɗe fitila a kunne, kayan mamana a shimfiɗe kan gado ba kowa, na kira na kira shiru, kawai na zube ƙasa ina ihu an fyauce su an bar ni, ina lissafo zunubaina ɗaya bayan ɗaya har da ƙaryar da na yi tun ina firamare. Ashe naƙuda ce ta kama maƙwabciya suka ruga. Ana ta dariya ni jikina na rawa har gari ya waye. Janairu ta zo, bawan Allah nan ya miƙe a gaba ko kunya babu, wai addu'armu ce ta sa Ubangiji ya ƙara lokaci. Ko a yi haƙuri bai ce ba. Na yafe amma gaskiya in na tuna har yau raina na ɓaci, shekara biyu na yi kafin na koma aji shi kuwa nasa 'ya'yan ba wanda ya fasa zuwa makaranta ko na rana guda.

To malamin naku ba shirme yake ba, kar ki yi saurin ce masa ɗan ridda. Ki buɗe Matiyu 24 daga aya ta 1, zancen ginin Haikali ne ya jawo tambayar almajirai, kuma a shekara ta 70 sojojin Roma ƙarƙashin Titus suka rushe shi, kamar shekara 40 bayan maganar Yesu, shi ya sa aya ta 34 ta "wannan zamani" ke zama daram ga masu irin fahimtar malamin. Luka 21:20 ma ya faɗi sojoji za su kewaye Urushalima. Ko 666 ɗin nan, lambar dabba a littafin Ru'ya ta Yohanna, da ake ɗora wa katin banki da allurar rigakafi, in an rubuta sunan Nero Kaisar, sarkin Roma, da haruffan Ibrananci jimillar ke nan. Ranar da na fara jin wannan har kuka na yi don sauƙi.

Amma su ma akwai inda takalmi ke matsa su. Ireniyus, ɗaya daga cikin shugabannin ikkilisiya na farko, ya ce Yohanna ya ga Ru'ya ne wajen ƙarshen mulkin Domitian sarkin Roma, wajen 95 ke nan, bayan rushewar, sai sun jawo littafin baya kafin 70 lissafinsu ya tafi. Kuma akwai masu zarcewa su ce dawowar Almasihu da tashin matattu ma duk an gama. Nan kam ni na tsaya cak. Mamana ta rasu, ina jiran tashin matattu na 1 Tasalonikawa 4:16, ba mai ƙwace min wannan. Bulus ma ya ja kunne a 2 Timoti 2:18 kan masu cewa tashin ya riga ya wuce.

Ki daina kallon bidiyon annabci da daddare don Allah, ni har yanzu in na ga wata ya yi ja gabana na faɗuwa. Duk wanda ya ba ki kwanan wata ki nuna masa Matiyu 24:36 da ta ce ba wanda ya san ranar, mabiyan wani mai wa'azi William Miller sun jira a 1844, wasu ma suka sake a Mayun 2011, ga mu nan. Kar ki bar coci saboda wannan, kar kuma ki bar makaranta ko aiki in wani ya fara irin wancan zancen. Ki je ki tambayi malamin kai tsaye, shin yana jiran Yesu ya dawo a jiki ko a'a, ki zo ki gaya min abin da ya ce.