Amsa: Littafin tsohon jami'in bincike da ƙarar ɓata suna

Assalamu alaikum. Malam, ka tambaya ko littafin da Gonçalo Amaral ya rubuta kan ɓacewar Madeleine McCann, wata yarinya 'yar Birtaniya, ya cancanci sukar da ya sha da ƙarar ɓata suna da aka kai shi. Mun taɓa zancen jiya a Agege bayan sallar isha'i, kuma a ganina tambayoyi biyu ne mabambanta.

Suka kam ya cancance ta. Yarinyar ta ɓace a Fotugal a watan Mayun 2007, aka cire Amaral, ɗan sandan Fotugal da ke jagorantar binciken ɓacewarta, daga aikin a watan Oktoba, sai ya fitar da littafi a 2008 yana cewa ta mutu a masaukinsu, iyayenta suka ɓoye gawar, alhali masu gabatar da ƙara sun jingine maganar saboda rashin hujja. Jami'in da aka danƙa wa amanar bincike, idan ya mayar da zatonsa hajar sayarwa, ya zalunci mutanen da har yau ba su ga 'yarsu ba, kuma a matsayina na uba abin yana yi mini ciwo matuƙa.

A gaban shari'a kuwa, iyayen ba su yi nasara ba. Wata kotu a Lisbon ta umarce shi ya biya su diyyar Yuro 500,000 a 2015, amma kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 2016, kotun ƙoli ta tabbatar da sokewar a 2017. A 2022 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Turai ma ta ƙi ba su gaskiya, domin a ganinta zargin ya riga ya bazu tun kafin littafin ya fito.