Amsa: Ko ya dace a ɗauki tsohon ɗan tsakiya?

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka tambaya ko ya dace ƙungiyarmu ta ƙwallon kwando a nan Gombe ta ɗauki dogon ɗan tsakiyar nan (mai tsayawa a ƙarƙashin kwando) da shekaru suka fara cim masa. A ganina a ɗauke shi, amma kada kwantiragin ya wuce kakar wasa ɗaya.

Dalilina shi ne abin da ya faru da Hakeem Olajuwon. Gwarzon da ya ciyo wa Houston Rockets kofin NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, a 1994 da 1995 ya koma Toronto Raptors a 2001 yana da shekara 38, aka ba shi kwantiragin shekara uku, amma kaka ɗaya kawai ya buga, ciwon baya ya tilasta masa ajiye wasa. Tsufa ba ya rage tsawo, ƙafa yake fara kamawa. Na kalli mutumin namu da idona: a ƙarƙashin kwando har yanzu ba mai iya ture shi, amma da zarar abokan hamayya sun juya da gudu, sai ka hango shi can baya, hannu a gwiwa, yana haki.

Duk da haka, Al Horford ya ci kofi da Boston Celtics a 2024 yana da shekara 38, saboda ya ƙware wajen jifa daga nesa, kuma ya san inda zai tsaya. Don haka idan likita ya duba gwiwoyin mutumin namu ya gamsu, a riƙa ba shi minti 15 cikin minti 40 na kowane wasa, yaranmu masu tasowa kuma su koyi tsaron gida a hannunsa.