Dannau yana kama ni bayan Asuba, me ke kawo shi?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ni ɗaliba ce. Tun da muka fara shirin jarrabawa, in na koma barci bayan sallar Asuba sai in farka idona biyu amma ko yatsa na kasa motsawa. Ina jin kamar an zauna min a ƙirji, wani lokaci har in ga inuwar mutum a bakin ƙofa. In yi ta ƙoƙarin kiran abokiyar ɗakina, murya ta ƙi fita. A gida an ce dannau ne. Yana kisa?

Amsa: 'Yar'uwa, kwantar da hankalinki, dannau ba ya kisa. Na fara da wannan ne domin tsoron da yake barin mutum da shi ya fi shi kansa wahalarwa.

Barci hawa-hawa ne, kuma kowane zagaye yakan ɗauki kusan minti 90. A ciki akwai matakin da aka fi yin mafarki, wanda masu bincike Aserinsky da Kleitman suka gano a Jami'ar Shikago a 1953, da suka lura idanun mai barci na kai-komo a ƙarƙashin fatar ido. Likitoci na kiransa REM. A wannan mataki ƙwaƙwalwa takan sassake tsokokin jiki da gangan, don kada mai mafarkin gudu ya zabura da gaske ya ji wa kansa ciwo. Abin da ke samunki shi ne hankalinki ya riga jikinki farkawa. Daƙiƙoƙi ne ko 'yan mintoci, sai ya sake ki.

Nauyin ƙirjin ma yana da dalili. Numfashinki bai tsaya ba, tsokar da ke ƙarƙashin huhu tana aikinta. Na haƙarƙari ne suke a sake, shi ya sa in kin nemi jan dogon numfashi sai ki ji kamar an danne ki. Inuwar nan kuwa ragowar mafarki ce ta biyo ki cikin ɗakin da kike gani da idonki.

Lokacin da kika ambata bai ba ni mamaki ba. Matakin mafarki ya fi tsawo gab da wayewar gari, kuma wanda ya tara bashin barci yakan faɗa masa da sauri in ya kwanta. Wani nazari na 2011 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 sun taɓa samun dannau, amma a tsakanin ɗalibai ya kai 28.

Don Allah ki rage raba dare kina karatu. Jikinki na buƙatar awa 7 zuwa 9, a lokaci tsayayye. Ki bar kofi da shayi mai kauri da yamma, ki daina kwanciya rigingine, ki koma gefenki. Addu'ar kwanciya ki riƙe ta, natsuwar da take kawowa tana taimakawa. In dannau ya zo, kada ki yi kokawa da shi. Ki bi numfashinki a hankali, ki gwada motsa ɗan yatsan ƙafa, ki kuma roƙi abokiyar ɗakinki ta taɓa ki in ta ji kina nishi.

Amma in barci na sace ki da rana tsaka a cikin aji ko kina tsakar magana, ko gwiwoyinki na saki idan kin yi dariya, ki zo asibiti. Wannan na iya zama wata cutar barci daban da ake kira nakolefsi, kuma akwai magungunan da ke sauƙaƙa ta.