Malama, kada ki yi saurin rabuwa da kwamfutar nan

Wa alaikumus salam, Malama. Na karanta tambayarki sau biyu. Kin ce kwamfutar tebur ce da maigida ya sayo a 2014, Windows 10 ne a kanta, yanzu in kin kunna ta sai kin dama koko kin dawo kafin ta gama tashi. Da ita kike buga tambayoyin jarrabawar Islamiyya, yara kuma suna aikin makaranta a kanta. Wani ya ce bairos ne, wani ya ce ta gaji, a sayi sabuwa. Ina da shagon buga takardu a Aboabo ta Kumasi, tsofaffin kwamfutoci irin taki ne suka daɗe suna ciyar da iyalina, don haka abin da na gani da idona zan faɗa miki.

Yau ɗin nan, kafin kowa ya taɓa ta, ki kwashe takardunki da hotunan yara ki zuba a filash, ki kuma ajiye kwafi na biyu a Google Drive ko a wayarki. A 2015, lokacin da dumsor, wato yawan ɗauke wuta a Ghana, ya yi tsanani, kwamfutata ta fara wata ƙara ƙas-ƙas daga ciki. Na yi ta cewa gobe zan kwashe, gobe zan kwashe. Wata safiya ta ƙi tashi, ta tafi da aikin kammala karatun wata ɗaliba da muka yi sati uku muna bugawa. Har yau in na tuna yadda yarinyar ta tsaya a bakin shago ta kasa magana, raina ɓaci yake yi. In taki tana irin wannan ƙara, ki daina kunna ta sai don kwashe kaya.

Bayan nan sai ki tambayi kwamfutar da kanta inda ke mata ciwo. Ki danna Ctrl da Shift da Esc a tare, Task Manager zai buɗe, ki shiga Performance. Layi uku za ki duba: CPU (furosesa, ƙwaƙwalwar kwamfutar), Memory (RAM, inda take riƙe abin da take aiki a kai) da Disk (faifan ajiya). Ki bar ta minti goma bayan ta tashi, ki buɗe abubuwan da kika saba buɗewa, ki ga wanne ne ya cika.

Ina kyautata zaton Disk ne za ki gani a maƙale a kashi 100. Kwamfutocin wancan lokaci faifai mai juyawa ne a cikinsu, yana zagaye 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, da wani ɗan hannu da ke kai-kawo yana neman bayanai kamar allurar garmaho. Windows 10 kuwa ba ya barinsa ya huta, kullum yana karanta dubban ƙananan fayiloli. Maganinsa SSD, wani sabon nau'in ma'ajiya wanda babu abin da ke motsi a cikinsa. Tsohon faifai yakan karanta kusan megabait 100 a daƙiƙa, SSD na SATA ya kai kusan 500, kuma wajen ƙananan fayiloli tazarar ta fi haka nesa ba kusa ba. Ranar da na fara saka shi a ta shagona, yaron da ke taya ni aiki ya ɗauka sabuwa na sayo, don kafin ya gyara zama a kujera ta tashi. Mai gig 240 ko 256 ya ishe ki. A saka Windows a kansa, tsohon kuma a bar shi a ciki ya zama rumbun ajiya, in yana da lafiya. Akwai manhaja kyauta, CrystalDiskInfo, tana nuna lafiyar faifai da launi: shuɗi lafiya lau, ruwan ɗorawa gargaɗi ne, ja kuwa ya gama aiki.

A nan ne mutane da yawa suke zubar da kuɗinsu. Kafin in gane wannan, sau uku wani mai gyara yana yi mini fomatin, wato ya goge komai ya sake saka Windows, kowane karo ya karɓi kuɗinsa ya ce bairos ne. Takan yi sauri kwana kaɗan, sannan ta koma gidan jiya, domin faifan da ke jan ƙafa yana nan yadda yake. In mai gyara ya ce fomatin tun bai buɗe Task Manager ba, ki ɗauki kayanki ki ƙara gaba.

In kuwa Memory ce ke kaiwa kashi 85 ko 90, RAM ce ta yi kaɗan. Gig 4 ba ya wadatarwa yanzu, musamman in yara sun buɗe shafi goma a Chrome ga YouTube yana aiki. A kai ta gig 8. Na 2014 kusan duk RAM nau'in DDR3 suke ɗauka, DDR4 ba za ta shiga ramin ba, don tsagar da ke jikinsu ba wuri ɗaya take ba. Ki sa a ciro ta ciki a tafi da ita Adum, cibiyar kasuwancin Kumasi, a nuna. A kuma duba ko Windows ɗinki mai 64-bit ne, domin mai 32-bit ba ya iya amfani da abin da ya wuce gig 4.

Sai ƙura. Tun 2014 an taɓa buɗe cikinta? Kowane hunturu ƙurar da muke sharewa a taga ita ce fankar kwamfuta ke zuƙa, balle in a ƙasa take ajiye. Tana toshe ƙarfen da ke sanyaya furosesa, shi kuma in ya ji zafi sai ya rage gudunsa da kansa don kada ya ƙone. Alamar ita ce fanka ta yi ta ruri, aiki ya fara da sauri, bayan rabin awa ya koma tafiyar hawainiya. A zare wayar wuta, a buɗe murfin gefe, a fitar da ita tsakar gida a busa mata iska, a bi da busasshen buroshi. A riƙe fankar da yatsa lokacin busawa. Ban da jiƙaƙƙen tsumma. In an sami wanda ya iya, ya goge busasshen man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen ya shafa sabo. Sannan ta hau tebur.

Maganar bairos ban kore ta ba, don filash da ke yawo daga shago zuwa shago yana kwaso shi, da manhajojin sata da yara ke saukewa. Amma Defender, mai gadin bairos da ya zo da Windows, ya isa ya bincika. Kada a haɗa masu gadi biyu ko uku a kwamfuta ɗaya, rigima suke yi da juna su cinye ƙarfinta. Ki shiga Startup a Task Manager ki kashe duk abin da ba kya buƙatar ya tashi tare da ita. In kuma a intanet kawai take nawa, ki gwada waya a kan layin da take amfani da shi, wataƙila laifin na sabis ne.

Yanzu ga abin da ya fi nauyi a tambayarki. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, wato ya tsayar da sabuntawar tsaron da ya saba aiko wa kowa. Windows 11 kuma yana neman TPM 2.0 (wani ɓangaren tsaro a cikin kwamfuta) da furosesan Intel na ƙarni na 8 zuwa sama, waɗanda suka fara fitowa a 2017. Taki ba ta kai nan ba. Ki shiga Settings, System, About, za ki ga suna kamar i3-4130. Lambar farko bayan ɗan layin ita ce ƙarninsa, wato wannan na 4 ne.

Ga yadda ni zan yi. In Core i3 ne ko i5, ƙarni na 3 ko na 4, kuma aikinki buga takarda ne da binciken yara, zan sa mata SSD da RAM, in share ƙura, ta ci gaba da aiki. Ba zan riƙa shiga asusun banki a kanta ba tunda an daina toshe ƙofofin Windows ɗin, sai dai in an mayar da ita Linux Mint, madadin Windows, wanda kyauta ne kuma ana sabunta shi. Ɗaya daga cikin na shagona a kansa take, LibreOffice, manhajar buga takardu, yana buga Hausa da Larabci lafiya, amma a gwada firintarki da shi tukuna. In kuwa Core 2 Duo kika gani, ko tsohon Celeron, ko tana mutuwa da kanta ko bayan an share ta, ko an ga ƙananan gwangwanayen da ke kan babban allonta sun kumbura, kada ki ƙara mata ko pesewa ɗaya. Haka in wani yaronki zai shiga jami'ar KNUST ya karanci injiniya ko zanen gine-gine, wannan ba za ta ɗauki manhajojinsu ba. Ma'aunina shi ne, in kuɗin gyara ya kai rabin farashin ta hannu mai ƙarni na 8, gara a cika a saya. Kuɗin SSD kuwa ba ya ɓata, ana ciro shi a mayar a wadda kika saya.

In sayen ya kama, ta hannu da aka yi aiki da ita a ofis, irin su Dell OptiPlex ko HP ProDesk, ta fi sabuwa mai arha ƙarko a wurina. Ki je da wanda ya san kan abin. Kada tambarin i7 da aka manna a jiki ya ruɗe ki, i7 na ƙarni na 2 ma i7 ne. A kunna ta a gabanki, a buɗe About ki karanta da idonki, a rubuta miki rasit da kwanakin da za ki iya mayarwa. Ki haɗa da UPS, batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, ko ƙarami ne, saboda ɗaukewar wuta ana tsakar aiki tana lalata fayiloli. Tsohuwar kuma in za a bai wa 'yan gwangwan, a fara cire faifanta, hotunan iyalinki da sunayen ɗalibanki suna ciki.

Ki turo mini sunan furosesan, da yawan RAM, da layin da kika ga ya cika a Task Manager, sai in faɗa miki abin da za a sayo. A gaishe da maigida da yara.