Hoton babanka da gajeren wando

Ɗana, saƙonka ya iso. Wai kana tambaya ko ya dace ranar sadakar arba'in ka sa hoton babanka a Facebook, wanda yake riƙe da kofin tanis cikin gajeren wando. Na yi murmushi, sai kuma jikina ya yi sanyi, don ban ji ka tambayi gero tiya nawa za a daka ba.

Wandon nan tun Inna na da rai ake rigima a kansa. Takan ce namiji mai iyali ba ya nuna gwiwa a titi. Shi kuwa da la'asar sakaliya sai fili, yana ta ba mu labarin Yanik Nowa da ya ci gasar tanis ta Faransa a 1983.

Ba na manta watan Janairun 1994, cikin hunturu, da aka karya darajar sefa. Faran ɗaya na Faransa da ke dala 10, wato sefa 50, ya koma dala 20. Alhazan da suka ɗauko kaya bashi ta Kwatano suka wayi gari bashinsu ya ninka. Kafin magariba zaurenmu ya cika maƙil, ga babanka ya dawo daga wasa, zufa sharkaf. Inna ta jefo masa zane daga ƙofa, ya rufe ƙafafu, ya zauna kan tabarma da littafi da biro. Ni ke shigar da shayi. Wani dattijo na hawaye, wai gidansa zai sayar. Babanka ya ce, "Alhaji, da ruwan ciki ake jan na rijiya. Bar gidan, gobe mu je tare a raba maka biyan." Har asuba yana lissafi, bai karɓi ko dala ba. Ɗan dattijon nan ne ka ga ya shiga kabari ya karɓi gawar.

Baba yakan ce mamaci shaidar mutane ke raka shi. Ku yanzu kafin a gama wanka labari ya kai Yamai da Kano, a rubuta addu'a da yatsa, ƙafa ba ta taka gidan makoki ba. Abin na ci mini rai.

Maganar hoton, fara tambayar mahaifiyarka. Tana cikin takaba, kada ta ci karo da shi a wayar wani. Kofunan suna ɗakina, na goge su. Ka taho da goro da dabino tun jajibirin ranar. Allah ya jiƙan ƙanena.

Gwaggonka