Muƙala na buɗewa a laburare, a gida kuma sai a ce in biya dala

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma. In ina laburaren makarantarmu nakan sauke muƙala daga mujallun intanet ba ko sisi, amma da na koma gida na buɗe shafin da datar wayata, sai ya ce in biya dala talatin da 'yan kai. Ko wayar ce ta samu matsala?

Amsa: Wa alaikumus salam. Wayarki lafiyarta ƙalau, malama, kada mai gyara ya ci kuɗinki a banza. Manyan kamfanonin da ke buga mujallun, irin su Elsevier da Springer, sayar wa jami'o'i suke yi shekara-shekara. Jami'a sai ta ba su lambar adireshin intanet ɗinta, wadda ake ce wa IP. Duk wanda ya shigo ta layin makaranta, shafin ya gane ɗan gida ne. Da kika hau datar MTN ko Airtel lambar ta canja, kin zama baƙuwa, shi ya sa aka miƙo miki lissafi.

Kada ki biya. Ki je sashen kwamfuta na laburaren, ki tambayi ma'aikaci yadda ake shiga daga wajen makaranta. Galibi suna da lambar sirri za su ba ki. Tun da harkar lafiya kike, ki ambaci Hinari da sunansa, wato shirin da ke buɗe wa makarantu mujallun lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ce ta fara shi a 2002 domin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, yanzu yana ƙarƙashin Research4Life, haɗakar irin waɗannan shirye-shirye, tare da AGORA na masu aikin gona. Abin da ke ba ni takaici, sau tari lambar sirrin na nan a rubuce a aljihun teburin ma'aikaci, ɗalibai kuma suna wucewa ta gabansa kullum ba mai tambaya.

In makarantar ba ta da rajista fa? Kwafi taken muƙalar ki zuba a Google Scholar, shafin Google na neman muƙalu, ki duba gefen dama ko za ki ga an rubuta PDF. Ki leƙa AJOL, rumbun mujallun Afirka da ya soma tun 1998, da DOAJ, wani rumbun mujallun wanda duk abin da ke cikinsa kyauta ne. In duk ya faskara, aika wa marubucin imel. Kuɗin nan ba aljihunsa yake shiga ba, don haka yawancinsu da murna suke turowa.

Tambaya: Malam, na tara muƙalu sun fi ɗari a kwamfuta, amma sunayensu lambobi ne kawai, na kasa gane wacce ce wacce.

Amsa: Ɗan'uwa, saka Zotero, manhajar tsara muƙalu, kyauta ce. A shafin farko na yawancin muƙalu akwai wata lamba mai farawa da 10 da ɗigo, ita ce DOI. Liƙa ta a Zotero, za ta jawo take da marubuci da shekara da kanta. Sai dai ka sake dubawa da idonka, don takan ɗauki sunan uba ta mayar da shi na yanka, musamman a sunayenmu.